Abin da mai sayen tsohuwar a-kori-kura zai duba kafin ya biya kuɗi

Da zarar an kammala girbi a ƙasar Bagudo da ke Jihar Kebbi, manomin da shinkafa ko albasa ta yi wa albarka yakan fara tunanin mallakar motar da za ta kai amfanin gonarsa kasuwannin Kaoje, Tsamiya da Lolo. Sau da yawa abin da aljihunsa ke iya kaiwa shi ne tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda gabanta na ƙaramar mota ne, bayanta kuma bodin ɗaukar kaya.

Irin wannan ƙira ta yi tashe a Amurka. Kamfanin Ford ya fitar da Ranchero a 1957, ya ci gaba da ƙera ta har 1979. Chevrolet ya mayar da martani da El Camino a 1959, wadda aka daina ƙerawa a 1987. An gina su ne a kan ƙananan motocin iyali domin su haɗa laushin tafiya da ɗaukar kaya marasa nauyi, wasunsu kuma da manyan injina masu silinda takwas. A yau kayan tarihi ne a can: masu sha'awa kan saye su, su gyara, su kai wuraren baje koli.

A Arewacin Najeriya motar Faransa ce ta cike wannan gurbi. Kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, shi ya sa kayan gyaran 504 suka wadata, makanikai kuma suka san cikinta da bayanta. An ƙarfafa ƙafafunta na baya da sifirin na faifayen ƙarfe, abin da ya ba ta damar ɗaukar kaya kimanin tan guda.

Sai dai asalinta na ƙaramar mota shi ne kuma rauninta. Shekarun da ta yi tana ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinta kan bar tabo a mahaɗar gidan direba da bodi. Don haka mai saye ya fara da leƙa ƙarƙashinta, ya nemi tsagewa ko sabon walda. A yankin da Kogin Neja ya ratsa, inda motoci ke kutsawa cikin fadama da damina, tsatsa kan cinye ƙasan mota alhali fentin sama na ƙyalli.

Injin kuwa a tayar da shi da sassafe kafin ya ɗauki zafi. Shuɗin hayaki alama ce ta cewa yana shan baƙin mai. Man da ya koma ruwan madara kuma na nufin ruwa ya shiga inda bai kamata ba. A gwada giya da birki da lodi a kanta, a kan turɓaya, domin motar da ba ta ɗauke da kaya takan ɓoye aibinta.

Takardu ma na iya jawo asarar da ta fi ta gyara. Bagudo na iyaka da Segbana ta Jamhuriyar Benin, kuma a Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Wajibi ne lambar da ke jikin shasi ta yi daidai da ta takardu, motar Kwatano kuma a tabbatar da shaidar biyan kuɗin kwastan, a yi cinikin a rubuce gaban shaidu.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Ladan makanikin da zai kwanta ƙarƙashin motar na sa'a guda bai kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba, amma yana iya tsare wa manomi gumin shekara.