Daga Ha'incin Lissafi Zuwa Haɗarin Jirgi: Sabon Salon Ƙarar Masu Hannun Jari

A Amurka, inda shari'ar masu hannun jari ta fi kafuwa, dokar kasuwar hannayen jari ta 1934 ce ta haramta wa kamfani yaudarar masu zuba kuɗi, kuma a kanta ake ɗora abin da za a iya kira ƙarar gayya, wato mutum ɗaya ko asusun fansho guda ya kai ƙara a madadin duk wanda ya sayi hannun jarin ya tafka asara. A da, tushen irin wannan ƙara ha'incin lissafi ne, kamar na kamfanin Enron da ya durƙushe a 2001, inda daga bisani aka yi sulhu a kan dala biliyan 7.2, galibinsu daga bankunan da suka yi hulɗa da shi.

Sauyi na farko shi ne, yanzu ba sai an murɗe alƙaluma ba. Da zarar wata masifa ta auku farashin hannun jari ya faɗi, sai lauyoyi su tono tsoffin bayanan kamfanin, su ce ya san da haɗarin amma ya ɓoye. Bayan faɗuwar jiragen Boeing 737 MAX biyu a Indonesiya da Habasha a 2018 da 2019, inda mutum 346 suka rasu, masu hannun jari sun maka daraktocin kamfanin a kotun jihar Delaware bisa sakaci da lafiyar jirage, aka kuma sasanta a kan dala miliyan 237.5, waɗanda kamfanonin inshora suka biya, ba daraktocin ba. Nan fa gizo ke saƙar, domin wanda ya yi sakacin ba safai yake taɓa aljihunsa ba, a ƙarar gayya ma yawanci kamfanin ne ke biya, ke nan an ɗebi dukiyar masu hannun jarin yau an ba na jiya, lauyoyi kuma sun yanki rabonsu tun kafin a raba.

Sauyi na biyu ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2010 a shari'ar Morrison, wanda ya taƙaita dokar ta 1934 ga cinikin da aka yi a kasuwannin Amurka, abin da ya tura masu ƙorafi zuwa kotunan Turai. A Jamus an gurfanar da Volkswagen bayan badaƙalar hayaƙin motoci ta 2015, a 2018 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Amsterdam ta amince da sulhun Yuro biliyan 1.3 ga masu hannun jarin rukunin Fortis.