Ɗinkin bargon ƙyallaye: kayan da za ki fara da su, da waɗanda za su iya kai ki asibiti

Kwanakin baya wata maƙwabciyarmu a nan Agege ta shigo kantin maganin da nake aiki, ta naɗe yatsanta da tsumma, jini na ɗiga. Ashe ta fara koyon ɗinkin bargon ƙyallaye ne daga bidiyon da take kallo a waya, wuƙar yankan yadi ta zame mata. Bayan mun tsayar da jinin sai ta nuna min jerin kayan da aka ce sai ta saya. Sun fi ashirin, kuma rabinsu ba ta da buƙatarsu yanzu.

Wannan bargo hawa uku ne: sama ƙyallaye da aka haɗa, tsakiya shimfiɗar auduga, ƙasa yadi guda, sannan a bi su da ɗinki ya riƙe su. Sana'ar ta yi ƙarfi a Amurka. Matan ƙauyen Gee's Bend da ke jihar Alabama, jikokin bayi, da tsofaffin kayan aikin gona suka riƙa ɗinka nasu don maganin sanyi, har a 2002 aka baje su a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York. Ba su da tsadaddun kayan aiki, don haka ke ma kada jerin ya tsorata ki.

Fara da yadi. Nemi na auduga zalla. Ragowar atamfar da telanki ke sharewa ya zubar ta isa, amma kada ki haɗa ta da leshi ko yadi mai santsi, domin ba sa ja daidai. Wanke kowane ƙyalle kafin ki yanka, masu duhu daban. Wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa, sannan sitaci da sinadaran da ke jikin sabon yadi kan tayar da ƙaiƙayi ga yaro mai laushin fata. Na tsakiya kuwa, a zafin Legas ba ki buƙatar mai kauri. Tsohon zanin gado mai laushi ko siririn bargo ya wadatar.

Idan akwai inda zan ce ki kashe kuɗi, to a almakashi ne. Sayi mai kyau guda ɗaya, ki ɓoye shi, domin ranar da yara suka yanka kwali da shi kaifinsa ya tafi. Sai zaren auduga mai launin toka, wanda ke ɓacewa cikin kowace kala, da gajerun allurai lamba 8 ko 9 (lamba na ƙaruwa, allura na ƙanƙancewa), da allin tela, tef ɗin awo, dutsen guga, da 'yar hular ƙarfe da ake sa wa yatsan tura allura. Keken ɗinki yana saurin aiki, amma ba dole ba ne. Yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci 5 kowane gefe, ki riƙa zana shi a kan yadi. Ki bar rubu'in inci a kowane haɗi. Ƙyallaye 80, takwas a kwance goma a tsaye, za su ba ki shimfiɗar yaro mai inci 36 da 45.

Ita kuwa wuƙar da ta yanke maƙwabciyata, wata reza ce zagayayya mai juyawa kamar taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979. Tana yanka yadi hawa huɗu a tashi guda, amma sai da tabarmarta ta musamman da rula mai kauri. Shawarata ki bar ta sai kin gama bargonki na farko. In kin saya, ki riƙa tura ta gaba, ba wajen jikinki ba, ki rufe bakinta duk lokacin da kika ajiye, ko da na daƙiƙa biyar ne. Idan ta yanke ki, danne wurin da tsumma mai tsabta minti goma ba tare da leƙawa ba, ki wanke da ruwa da sabulu. Ban da toka, ban da man birki. Jinin da ya ƙi tsayawa ko yatsan da ya daina ji, na asibiti ne. Ki kuma tuna yaushe aka yi miki allurar rigakafin tetanus ta ƙarshe. Da yawanmu tun awon ciki rabonmu da ita. Mai ciwon suga kada ta raina ko sukar allura.

Abin da ya fi damuna shi ne fil. Mun saba riƙe shi da haƙori yayin gyara mayafi, kuma likitoci sun sha ciro shi daga huhun mata da tari ko dariya ta kama su a haka. Samu gwangwani mai murfi, ki ƙirga fil ɗinki kafin aiki da bayansa. Wajen haɗa hawa ukun, yi amfani da mai maƙulli, irin na nafkin ɗin jarirai. Wasu na tsince fil da maganaɗisu. To ki nesanta ƙananan da yara, domin biyu in aka haɗiye suna iya manne hanji su huda shi. Yaron da ya haɗiye fil ko maganaɗisu, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja, a wuce asibiti nan take.

Na san yawancinku kyautar suna za ku fara ɗinkawa. Kada ki sa maɓalli ko duwatsun ado a kai. Kuma ki gaya wa mai jego cewa jaririn da bai cika shekara guda ba, ba a rufe shi da irin wannan bargo yayin barci, saboda yana iya toshe masa numfashi. A shimfiɗa masa a ƙasa ya yi wasa a kai, idon babba na kansa.