Yadda Ake Haɗa Kambin Kirsimeti a Gida

Da zarar watan Disamba ya kama, duk wanda ya leƙa manyan kantunan Legas ko Inugu zai ga wani zobe na koren ganye, an ɗaura masa jan ƙyalle, an rataye shi a jikin ƙofa. Akasarinsu na roba ne da ake shigowa da su daga waje, kuma kuɗinsu ba na ɗalibi ba ne. Da yake abin baƙo ne a gidan Bahaushe, a wannan rubutu zan kira shi kambin ganye, ko da yake wata 'yar ajinmu ta ce gammon ganye ya fi dacewa da shi. Da gaskiyarta, domin wanda ya iya naɗa gammo ya ci rabin aikin.

Al'adar daga Turai ta zo. A can, idan sanyi ya tsananta yawancin itatuwa kan zubar da ganye, sai 'yan kaɗan da suke zama kore shar, waɗanda mutane suka ɗauka a matsayin alamar rai da ba ya ƙarewa. Shi kuma zoben ba shi da farko, ba shi da ƙarshe. Kambin kuwa iri biyu ne: na ƙofa, da na tebur mai kyandirori. Na teburin ana danganta shi da wani faston Jamus, Johann Hinrich Wichern, wanda yake riƙon yara marasa galihu a birnin Hambog. A shekarar 1839, da yaran suka ishe shi da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo, sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki ta katako ya jera mata kyandirori, ƙanana jajaye na ranakun mako, manya farare huɗu na ranakun Lahadi, kullum a kunna guda. Daga baya aka rage su zuwa huɗu. A cocin Katolika uku kan zama shunayya, ɗaya ruwan hoda.

To, mu a nan ba ƙanƙara ce damuwarmu ba, hunturu ne. Iskar da take fasa leɓe ita ce take busar da ganye, saboda haka zaɓen ganyen shi ne tushen aikin. A bara na yi nawa da dogonyaro don yana nan birjik a bakin ɗakin kwananmu. Kwana uku bai yi ba ya yanƙwane, na wayi gari ina share shi a ƙasa. Na mangwaro ya fi shi juriya, amma yakan nannaɗe ya koma ruwan ƙasa. Wanda ya fi duka a ganina shi ne ganyen itacen turare, wanda wasu suke kira zaiti, domin ko ya bushe yana nan a jikin reshensa, ga kuma ƙamshi. Akwai kuma dogon itacen nan mai ganye kamar allura da ake shukawa a bakin teku da harabar makarantu, mai yin fito idan iska ta kaɗa. Shi ya fi kama da na Turai, kuma idan aka gauraya shi da na turare abin yana ban sha'awa.

Akwai ganye guda da nake jan kunnen mai karatu a kansa, wato sabon tohon kwakwar manja, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa. Yana da kyau, yana da sauƙin saƙawa, amma yana magana. A wajenmu Ibo ana kiransa omu, kuma shi ake ɗaurawa a motar da ta ɗauko gawa, ko a filin da ake rikici a kansa. Yarbawa suna kiransa mariwo, kuma suna danganta shi da Ogun. Wanda ya rataye shi a ƙofa da sunan ado, kada ya yi mamaki idan maƙwabta suka zo yi masa gaisuwa. Dama mutane da yawa a ƙasar nan ba su san kambi ba sai a jana'iza, ko a ranar 15 ga Janairu da ake ajiye shi don tunawa da 'yan mazan jiya. Wannan ya sa na ƙofa yake bukatar ja da walƙiya, kada a cika masa fararen furanni.

Kayan aikin ba su da yawa: abin rataye riga na waya, almakashi, zare mai ƙarfi irin na kitso, da busasshiyar ciyawa ko tsummoki. A yanko rassan da sassafe, a tsoma gindinsu a bokitin ruwa su wuni su kwana, su sha su ƙoshi. Washegari sai a tanƙwara wayar ta zama da'ira, faɗinta kamar santimita 30, a bar ƙugiyar yadda take domin da ita za a rataye. A naɗe da'irar da ciyawar ko tsummokin har ta yi kaurin wuyan hannu, a bi da zare a matse. Ga gammo ya samu.

Daga nan sai a yanyanka rassan kamar tsawon taƙi ɗaya, a haɗa uku ko huɗu su zama ƙaramin dami. A ɗora dami na farko a kan gammon, a zagaye gindinsa da zare sau uku, a ja sosai. Kada a tsinke zaren. A ɗora na biyu yadda ganyensa zai rufe gindin na farko, a sake naɗewa, a ci gaba a haka, duk suna fuskantar gefe guda. A nan ne masu gaggawa suke ɓata aiki: idan aka bar tazara tsakanin dami da dami, da ganye ya fara bushewa sai tsumma ya leƙo. Haka nan reshe yakan rame idan ya bushe, don haka ɗaurin da ya yi daidai yau zai yi sako-sako jibi. Gara a matse fiye da kima. Idan an zagayo, sai a ɗaga kan dami na farko a cusa gindin na ƙarshe a ƙarƙashinsa, sannan a ƙulle zaren ta baya.

Ado kuwa, kicin ya wadatar. Busasshen barkono ja da zoɓo suna maye gurbin jajayen 'ya'yan itace na Turawa. Lemon zaƙi, idan aka yanka shi fale-fale aka shanya, hunturu zai busar da shi cikin 'yan kwanaki, a soka masa kanumfari don ƙamshi. Ƙyallen atamfa da ya ragu a wajen tela ya isa a yi ƙulli a sama ko a ƙasa. Sai dai a guji idon zakara, 'yan ƙwayoyin nan ja da baƙi. Kyansu ya kai, amma dafi ne mai kisa idan aka tauna, kuma lokacin biki gida cike yake da yara.

Kada a haɗa kambin ɗanyen ganye tun farkon wata; mako guda kafin ranar 25 ya isa. A rataye shi inda rana ba ta dukansa, a riƙa yayyafa masa ruwa da yamma, ban da wajen zoɓon, domin yana zuba ya ɓata ƙofa.

Na tebur shi ne mai haɗari, tun da mako huɗu yake yi ana kunna masa wuta. Ganyen turare yana da mai a jikinsa, idan ya bushe kuwa kamar an zuba masa kananzir yake. Saboda haka a shimfiɗa kambin a kan faranti na ƙarfe, kowane kyandir a kafa shi cikin ƙaramin kofin gilashi mai yashi, yadda ko ya ci ya ƙare harshen wutar ba zai taɓa ganye ba. A sauya ganyen duk mako. Idan aka ɗauke wuta da dare, kada a ce bari a yi amfani da kyandirorinsa a ga hanya, a nemi tocila. Na ƙofa kuwa ba a sa masa kyandir ko kaɗan. Mai son haske ya naɗa masa 'yan fitilun nan masu batir, ya ɓoye akwatin batirin a baya, kusa da ƙugiya.