Kabar Gulbi da Jarin Matasa

Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa gundumomin Mayahi da Tasawa a jihar Maraɗi, daga itacen goriba ya samo sunansa. Da kabarta ake saƙa tabarma, a tufka igiya, a ɗinka faifai, 'ya'yanta kuma a ci a sayar. Mai neman sana'ar da za ta riƙe matasan yankin ba tare da ta cinye daji ba, nan ya kamata ya fara dubawa, domin kayan aikin a gona suke tohowa.

Darajar hakan ta fito fili bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarki ta kuma rufe iyaka har zuwa Maris 2024, sannan faɗuwar naira ta rage ƙarfin masu saye daga Katsina da Kano. Duk sana'ar da ke jiran kaya daga waje ta sha wuya. Mai kaba kuwa bai rasa abin saƙa ba. Inda yake cutuwa shi ne ɗanya yake yawan sayar da ita, dami-dami, ribar ta tafi ga dillali da mai mota. Abin da zai tsayar da shi da ƙafarsa ɗan jari ne na sayen kaba lokacin araha, da wurin ajiya, da bashin da biyansa ya dace da kaka. Taron bita na kwana uku ba ya ba shi ko ɗaya.

Wasu za su ce in kasuwa ta buɗe yanka zai yi yawa, toho ya kasa girma ya zama goriba. Tsoron yana kan hanya, domin hakan na faruwa. Amma yankin nan ya taɓa warware irin wannan ƙulli. Sassaben zamani, wato rainon tohon itatuwa a gona, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983, ya farfaɗo da itatuwa a kan kadada kusan miliyan 5 a Nijar, saboda manomi ya yarda gawo da kalgon da ya raina nasa ne. Wata doka ta Yulin 2020 ta tabbatar masa da wannan haƙƙi. Sai dai matasa da yawa ba su da gona, mata masu saƙa ma haka. Kafin a miƙa musu kuɗi, a fara sama musu yarjejeniya rubutacciya da masu gonaki, a gaban mai gari da kwamitin filaye, wadda za ta fayyace wa zai yanka, a wane wata, da tohon da dole a bari ya tashi.