Baƙar Zuma Mai Ɗaci-Ɗaci Ba Lalatacciya Ba Ce

Sau da yawa mai amya yakan kawo baƙar zuma kasuwar 'Yar Kutungu a birnin Katsina, mai saye ya lasa ya ji ɗaci-ɗaci, sai ya ce ta ɓaci, ya karya mata kuɗi. Wannan kuskure yana jawo wa manoma hasara.

Abin da ya kamata a sani shi ne, launin zuma da ɗanɗanonta suna bin furen da ƙudan zuma ya sha. Gawo yakan yi fure bayan ɗaukewar ruwa, ɗorawa da mangwaro da rani, bedi kuwa, watau dogon yaro, da bazara. Inda bedi ya yi yawa, kamar cikin gari da gefen hanyoyi, zumar wurin takan zo da ɗan ɗaci a bayan zaƙi. Wannan halinta ne, ba cuta ba.

Ko a ƙasashen waje haka abin yake. A Italiya da Faransa da Turkiyya akwai wani babban itace, sunansa cesnat, mai fure a watan Yuni da Yuli. Zumarsa baƙa ce, mai ƙamshi mai ƙarfi da ɗaci, ba ta kuwa saurin daskarewa. Mutanen can ba su raina ta. Sukan zuba ta a kwalba dabam da sunanta, su sayar da daraja, su ci ta da cuku mai gishiri.

To, haka ya kamata a yi nan. Zuma mai ɗaci tana son abinci mai maiƙo ko mai tsami, gama shi ke kwantar da ɗacin. Ta dace da fura da nono, da kindirmo, da kunun gyaɗa, da waina mai zafi, da funkaso, da cukun Azbin. Amma alkaki da nakiya da shayi, farar saƙa ta fi dacewa da su, domin baƙar takan danne ɗanɗanonsu.

Sai dai a lura, akwai ɗacin da ba na fure ba ne. In mai ɗiba ya cika wa amya wuta da hayaƙi, ko ya narka saƙa a kan murhu, zuma za ta yi baƙi da ƙaurin ƙuna. Ita ce ta ɓaci. Maganin abin, a yi hayaƙi kaɗan, a ɗebi saƙar da ƙudan ya riga ya rufe da kaki, a tace da ƙyalle mai tsabta ba tare da dafawa ba. Kada kuma a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba kowace irin zuma.

Mai amya ya ware baƙa dabam, fara dabam, ya gaya wa mai saye itatuwan da ke kusa da amyarsa. Allah ya sa albarka.