Manhajar da Ke Duba Aikin Gida na Kemistiri: Yaya Take Ba da Maki?

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, a wannan fitowa mun ɗauko batun manhajojin kwamfuta da ke ba ɗalibi aikin gida na kemistiri, su duba masa, su ba shi maki nan take, ba tare da malami ya ɗauki jan biro ba. Abin ya daɗe a jami'o'in Amurka. An fara haɗa ALEKS a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a 1994, kamfanin McGraw-Hill ya saye ta a 2013. Kamfanin Pearson kuma yana da tasa, Mastering Chemistry. Mu ma abin ya shafe mu, tunda tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta.

Abu na farko da ya kamata mu sani, irin wannan manhaja ba ta ajiye amsa guda ɗaya. Hanyar lissafin take ajiyewa, lambobin kuma ta riƙa canza su. Misali, a ce an tambayi mol nawa ne a cikin wani adadi na NaOH. Nauyin mol ɗaya giram 40 ne, wato 23 na sodiyam, 16 na oksijin, 1 na haidirojin. Wani ɗalibi za a ba shi giram 4, amsarsa 0.1. Na kusa da shi a ba shi giram 10, amsarsa 0.25. Ka ga wanda ya saba aron littafin abokinsa da sassafe kafin a buga ƙararrawa, kasuwarsa ta watse. Idan ya kwafa, amsar tambayar wani ya kwafa. Sai dai abokin ya zauna ya nuna masa yadda ake raba nauyi da 40, wannan kuwa ai shi ne karatun.

To, yaya take yanke hukunci? Idan amsar lamba ce, akan bar ɗan sarari sama da ƙasa. Dalilin shi ne littattafai sun bambanta. Wani ya ɗauki kilorin a 35.5, wani a 35.45, don haka mol ɗaya na gishirin miya, NaCl, zai fito wa wani 58.5, wani kuma 58.44. Malami ne ke tsayar da faɗin sararin, kamar kashi 1 ko 2 cikin 100, duk amsar da ta faɗa ciki ta ci. Amma wanda ya yi ta datse lambobi tun daga matakin farko, kuskurensa kan taru har ya fice daga sararin. Wasu manhajojin har ma'auni suke nema: 0.25 kawai ba ta isa ba, sai ka faɗi ko mol ne ko giram.

Wajen rubuta alamar sinadari kuwa, babu sani babu sabo. Co ƙarfen kobalt ne. CO kuma ita ce iskar nan mai guba da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ke kashe mutane idan an kunna inji a ɗaki a rufe. Bambancinsu ƙaramin baƙi da babba kawai. Malami zai iya kallon rubutunka ya gane abin da kake nufi ya yi maka uzuri, na'ura ba ta san wannan ba. A ganinmu a nan ta fi gaskiya. Haka idan an ce a daidaita ikweshan na haɗa ruwa, tana ƙirga atam ɗin kowane ɓangare ne. Wanda ya rubuta 4H₂ + 2O₂ → 4H₂O ƙirgarsa ta yi daidai, amma galibi za ta ce ya rage zuwa 2, 1, 2.

Amfaninta babba shi ne sauri. A ajin da ke da ɗalibai 80, tambaya 10 ga kowa na nufin amsa 800 a gaban malami ɗaya, kuma ba ajinsa ke nan kaɗai ba. Kafin littafi ya dawo an wuce darasin. Da manhaja kuwa, kana gama rubutawa ka san ka faɗi, ka sake gwadawa da sababbin lambobi tun abin na kanka. Malami shi ma yana ganin tambayar da ta kayar da yawancin aji, ya san inda zai maimaita. ALEKS ma takan fara da gwada ɗalibi don ta gane abin da ya iya, sannan lokaci-lokaci ta sake tambayarsa tsofaffin darussa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawanci amsar ƙarshe kawai take gani. Ɗalibin da ya bi kowane mataki daidai, yatsansa ya zame a kan kalkuleta, sifili zai samu, daidai da wanda ya yi canki-canka. A takardar rubutu ta WAEC da NECO kuwa, matakan lissafi suna da makinsu. Wanda ya saba buga lamba a akwati ba ya rubuta yadda ya samo ta, ranar jarrabawa zai zubar da makin da ya iya. Shi ya sa muke ganin ko an samu manhajar, littafi da biro su kasance a gefe. Sannan babu manhajar da za ta koya wa hannunka riƙe famfon biyuret har launin ruwa ya juya a ɗigo na ƙarshe. Wannan sai ɗakin gwaji.

Sai maganar kuɗi. ALEKS da Mastering Chemistry na biya ne, kuma suna buƙatar data da wuta. Akwai na kyauta. Moodle, wadda ta fito a 2002, tana ba malami damar tsara tambaya mai canza lambobi da kansa. PhET kuma, wadda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Kolorado a 2002, tana da wasan daidaita ikweshan mai ba da maki, ana iya sauke shi a waya a yi ta amfani da shi ba intanet.

Ga taku tambayar, tunda bangonmu ba ya canza lambobi: mol nawa ne a cikin giram 49 na H₂SO₄, idan H = 1, S = 32, O = 16? A rubuto da matakan lissafi a miƙa wa 'yan kulob. Amsa tana fitowa ta gaba.