Tuƙin Jirgin Sama: Gaskiyar da Ya Kamata Malaman Birnin Gwari Su Faɗa wa Yara

Wanda ya baro Birnin Gwari ya nufi Kaduna, tafiyar kamar kilomita 120, idan ya wuce Udawa da Buruku ya doshi Mando, zai iske hanya ta rabu zuwa filin jirgin sama na Kaduna. Watau ke nan ƙasar Birnin Gwari da filin jirgin nan maƙwabta ne, daji ɗaya ya haɗa su. Yaran ƙauyukan wannan yanki sun saba ɗaga kai su ga jirgi ya gifta, kuma duk malamin da ya taɓa tambayar aji abin da kowa yake so ya zama, ya san ba a rasa mai cewa matuƙin jirgin sama. To, mu da aka ɗora wa renon malamai, muna ganin bai kamata a yi wa yaron nan dariya ba, bai kuma kamata a ruɗe shi da zancen farar riga da albashi mai tsoka ba. Abin da ya cancanta shi ne a gaya masa yadda aikin yake, daɗinsa da wuyarsa, don ya san inda zai sa ƙafa.

Mu fara da asali. Jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya a Kano ne, cikin watan Nuwamba 1925, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka iso. A 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma, daga jikinsa kuma aka fitar da Nigeria Airways a 1958. A lokacin nan Turawa ne galibin matuƙa. Don a sami 'yan ƙasa a wannan aiki aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya a 1964, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ICAO mai tsara dokokin jiragen sama na duniya. Saboda haka ɗan Birnin Gwari ba sai ya ƙetare teku ba kafin ya ga ƙofar wannan sana'a, tana nan cikin jiharsa.

Amma fa ƙofar tana da tsani mai tsawo. Matakin farko a aji yake: sai yaro ya ci Turanci da Lissafi da Fizis a jarrabawar gama sakandare. Turancin nan kuwa ba na ado ba ne, domin da shi matuƙi yake magana da masu ba da hanya a hasumiya, kuma tun 2008 ICAO ta wajabta a gwada iya Turancin duk mai tuƙi tsakanin ƙasashe. Sa'an nan likita ya duba ido, da kunne, da zuciya, da hawan jini. Wanda ba ya rarrabe launuka da kyau yana iya tsayawa nan, komai ƙoƙarinsa a littafi. Bayan wannan sai karatun yanayi, da taswira, da inji, da doka, tare da tashi sama da malami. Mutum ba ya samun lasisin tuƙi na neman abinci sai ya tara kimanin sa'o'i 200 a sama, ba ya kuma samun babban lasisin da ake zama kyaftin na jirgin fasinja da shi sai ya cika sa'o'i 1,500. Kuɗin wannan karatu miliyoyin naira ne, abin da manomi ko akawu ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Lasisi kaɗai ba ya ba mutum kujera a jirgin fasinja. Kowane irin jirgi yana da nasa horo na musamman, wanda ya koyi Boeing 737 ba zai hau wani iri ya tuƙa ba sai an sake koya masa. Wannan horo yana da tsada ƙwarai, sau da yawa a ƙasashen waje ake yinsa, da dala ake biya. Kamfanoni kuwa sun fi son wanda ya riga ya goge. Sai saurayi ya tsinci kansa tsaka mai wuya: ba a ɗauke shi don bai tara sa'o'i ba, ba kuma zai tara sa'o'in ba sai an ɗauke shi. Mun ga misalin haka a Kano. Tsakanin 2011 da 2015, zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, gwamnati ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun komo da takardunsu, amma da yawansu suka daɗe ba su sami jirgin da za su tuƙa ba. Darasin da ke nan ga duk hukumar da za ta ɗauki nauyin yaro shi ne, kada ta kai shi tsakiyar kogi ta saki hannunsa. Wanda zai biya kuɗin lasisi, ya tanadi na horon ƙarshe tun daga farko.

To, a ce an sami aikin. Shin hankali ya kwanta ke nan? Tarihi ya ce a'a. Nigeria Airways, wanda dā ake ganin aiki a cikinsa kamar gadon gida ne, ya daina tashi a 2003, ma'aikatansa suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu, har a 2018 gwamnatin tarayya ta amince a biya su wani kaso. Kamfanoni masu zaman kansu da dama sun taso sun faɗi. A 2020, da annobar korona ta tsai da tafiye-tafiye, an sallami matuƙa masu yawa, wasu kuma aka rage musu albashi. Ga shi kuwa matuƙi kullum cikin jarrabawa yake. Ana gwada shi a na'urar kwaikwayon jirgi lokaci lokaci, likita yana duba shi kowace shekara, in ya manyanta kowane wata shida. Ranar da likita ya ga aibu a zuciyarsa, ran nan sana'ar ta iya ƙarewa, ko da yana da shekara 40. In ma ya zauna lafiya, doka ta tsai da shi a shekara 65. Malamin makaranta yana iya koyarwa da tabarau da sanda, matuƙi kuwa lafiyar jikinsa ita ce jarinsa.

Akwai kuma gajiya. Tashin asuba, kwanan otal, sallah ba a gida ba, musamman lokacin jigilar alhazai da ake tashi dare da rana. Don haka ne ƙasashe da yawa suka ƙayyade kada matuƙi ya wuce kimanin sa'o'i 100 a sama cikin wata, ko 1,000 cikin shekara, gama mai gyangyaɗi a kan kujerar tuƙi ba kansa kaɗai yake jefawa cikin hatsari ba.

Amma abin da muka fi so malamai su riƙe shi ne wannan: mafi girman aikin kyaftin shi ne sanin lokacin da zai ce ba za a tashi ba, ko ba za a sauka ba. Fasinjoji suna gunaguni, kamfani yana lissafin hasara, wani babban mutum yana duba agogo, shi kuwa doka ta ba shi magana ta ƙarshe. Ƙasarmu ta Arewa tana da maƙiya biyu na jirgin sama, hadarin damina da hazon hunturu. Ran 24 ga Yuni 1956 wani jirgin kamfanin BOAC ya tashi daga Kano cikin hadari, iska ta danno shi ƙasa, mutum 32 suka rasu. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda, wanda mugun yanayi ya hana shi zuwa Legas, ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Ran 21 ga Mayu 2021 kuma jirgin soja ya faɗi kusa da filin Kaduna cikin mugun yanayi, Babban Hafsan Sojan Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da mutum 10 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Waɗannan duka suna nuna cewa sana'ar nan tana bukatar mai haƙuri, mai bin ƙa'ida, wanda kunya ba ta hana shi faɗin gaskiya ga na gaba da shi. Irin wannan hali kuwa tun daga firamare ake dasa shi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu mu komo gida. Dajin Kamuku, wanda En'e ta Birnin Gwari ta keɓe a 1936, gwamnatin tarayya kuma ta mai da shi gandun ƙasa a 1999, ya zama mafakar 'yan bindiga shekaru da dama, kuma cutar ta kai har ƙofar filin jirgi. A watan Maris 2021 aka sace ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji ta Afaka, daf da filin. Ran 18 ga Yuli 2021 aka harbo jirgin yaƙi a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da laima, ya ratsa daji cikin dare har ya tsira. Ran 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kutsa wajen filin Kaduna suka kashe mai gadi, kamfanoni suka dakatar da zuwa na wani lokaci. Alhali kuwa a 2017, da aka rufe filin Abuja mako shida don gyara, wannan fili ne ya ɗauki nauyin babban birnin ƙasa. Duk jirgin da ya daina zuwa, aikin matuƙi ne ya ragu.

Hasarar da ta fi wannan zafi ita ce ta makarantun ƙauye da aka rufe a shekarun nan, domin yaron da ya rasa Lissafin aji huɗu da wuya ya kai ga Fizis. A ƙarshen 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu. Abin da muke roƙo shi ne a ba aji irin kulawar da aka ba kasuwa: a mai da malamai ƙauyuka, a samo na Lissafi da kimiyya, a duba idon yara tun da wuri. Ku akawunan ƙaramar hukuma, ku ne kuke rubuta kasafi, ku tuna da tallafin karatu. Ku malamai, ku nuna wa yara, maza da mata, cewa bayan matuƙi akwai injiniyan jirgi, da mai ba da hanya, da masanin yanayi, kuma ana koyar da galibin waɗannan a Zariya. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, har shugabancin makarantar ta yi daga 2011.

Wanda ya ji dukan wannan bai karaya ba, shi ne ya dace a taimaka masa. Allah ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, ya ba 'ya'yanta ilimi mai amfani.